Laƙabin Emlyn Prosser

Ranar Alhamis ta farkon kowane wata muke haɗuwa a saman benen gidan abincin Bai Kolyo, cikin tsohon garin Tarnovo, inda gidaje suke maƙale a jikin dutse kamar an manna su da yawu. Mu mutanen Wales ne da iska ta watso nan Bulgeriya. Wasu arahar gidajen ƙauye ce ta kawo su, wasu aure, wasu kuma ko ka tsare su da wuƙa ba za su iya gaya maka dalili ba. Ni jirgin ruwa ne ya tsaya da ni a Varna tun ina da baƙin gashi, na sauka sayen taba, na ga wani mutum yana wanke jakinsa da sabulu a bakin teku, na tsaya kallo. Har yau ban koma ba.

Taron namu na ci ne da waƙa da neman abinci. Mai neman wanda zai gyara masa rufi, da mai neman lauyan da ke jin harshe biyu, da mai zumar sayarwa, duk nan suke hawowa. Sai dai mu ba ma tura mutum wurin wani da sunansa na takarda. A ƙasarmu mutane sun fi sunaye yawa, idan ka ce a nemo maka Jones kamar ka ce a nemo maka farar tunkiya ne a kan tudun da ya cika da tumaki. Don haka kowa da laƙabinsa. Akwai Nesta Gidaje, dillaliyar da ta sayar wa yawancinmu gidajen da muke ciki, ita ce kuma uwar taron. Akwai Tegwyn Akwati, wanda sana'arsa mayar da gawarwakinmu gida, mutum mai ƙiba da yawan barkwanci, ba ya gaishe ka sai ya auna tsawonka da ido. Ni kuma Idwal Shamuwa.

Laƙabi a wurinmu ba a roƙonsa, ba a sayensa, mutum kuma ba ya raɗa wa kansa. Subucewa yake daga bakin wani ba shiri, a yi dariya, in ya kwana a bakin mutane to ya zauna ke nan har kabari. Wanda yake da shi, aiki yana samunsa har gida, domin sunan yana da daɗin faɗa, mutum yana so ya faɗe shi ko don ya ba da labarin yadda aka samo shi. Wanda ba shi da shi kuwa, za a gaisa da shi, a matsa masa kujera, a zuba masa miya, amma idan an sauko daga benen ba mai tuna shi.

Emlyn Prosser ya fara hawowa benen ne wata kaka, shi da matarsa Carys. Dogo ne siriri, ga hannuwa manya masu kaushi, yana riƙe da su a gaba kamar wani ne ya ba shi ajiya. Sun sayi gida a wani ƙauye can bayan garin Elena. Muka zaunar da su muka yi musu abin da muke yi wa kowane baƙo: wane kwari, wane coci, ɗan wa, jikan wa. Ba mu bar su sun taɓa abinci ba sai da aka gano cewa gwaggon Emlyn ta taɓa yin girki a makarantar da ɗan kawun Nesta ya yi gadi. Da aka sami wannan zare kowa ya saki jiki, aka ce ashe na gida ne.

Sai Tegwyn ya tambaye shi sana'a. Emlyn ya ce katangar dutse yake ginawa, irin tamu ta kan tudu wadda ba a sa mata siminti ko laka, dutse ne kawai yake riƙe ɗan'uwansa.

Benen ya yi tsit. Ba laifin Emlyn ba ne. Muna da Dewi Katanga, mai irin wannan sana'a, wanda ya rasu a hunturun da ya wuce, hularsa ma tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, Bai Kolyo ya hana a cire. Sunan da ya dace da baƙon yana bakin kowa, amma ba mai iya furta shi. Kamar ka ɗauki kofin mamaci ne ka miƙa wa wani tun ba a wanke ba. Nesta ce ta fitar da mu, ta ɗaga kofinta ta ce, "Barka da zuwa, Mista Prosser." Muka bi bakinta. Daga ranar ya zama Mista Prosser, kamar wani ma'aikacin banki.

Bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Yakan riga kowa isowa, ya taya Bai Kolyo jera kujeru, ya zauna kusa da taga. Yana da murya mai kauri, idan ana waƙa ita ke riƙe ƙasa, kamar gindin tukunya. Ya buga ƙananan katuna masu sunansa da hoton katanga, yana ajiye wa kowa ɗaya a gefen faranti. Ana karɓa da godiya, wasu su sa a aljihu, wasu su sakace haƙori da gefensa ba tare da sun lura ba. A gabana wata mata ta tambayi Nesta wa zai gyara mata katangar lambu da ta zube, Nesta ta dafa goshi ta ce ai tun da Dewi Katanga ya tafi ba ta san kowa ba. Emlyn yana zaune ba nisa, yana juya cokali. Ba mugunta ba ce. Ta manta ne kawai, mantuwa ta gaskiya, kuma wannan ta fi ciwo.

Bayan hunturu na biyu Carys ta koma gida Wales. An ce ta ce sanyi ba ya damunta, shirun ne ba za ta iya ba. Ba ta ce ya biyo ta ba, shi ma bai tambaya ba.

Da bazara na shiga motar haya na tafi ƙauyensu, don an gaya mini akwai wata sheƙar shamuwa a can da aka gina a kan tsohuwar motar noma, ina so in gani da idona. Na ga sheƙar, gaskiya ne, har da wani takalmin yaro a cikin kiraren. Daga nan na biya gidan Emlyn. Na same shi yana kewaye gidansa da katanga, alhali gidan yana da katanga tuntuni. Ta biyu yake yi a cikin ta farko, don hannu kada ya manta. Na zauna a kan kututture ina kallonsa. Ba ya ɗaukar dutse ya mayar ƙasa. Zai tsaya ya dube shi, ya dubi gurbin, in ya ɗaga to ya sami wuri ke nan. Ya ce haka ubansa ya koya masa, kowane dutse yana da mazauninsa, sai dai maginin ya kasa gani.

Ya dafa mana shayi mai madara, ya yanka burodi da farin cukun nan nasu mai gishiri. Na lura kujera ɗaya ce a ɗakin girkin, ya ba ni, shi ya ci a tsaye, kuma da gani haka ya saba ci. Muna cikin haka ya ce, "Kawu Idwal, kai yaya aka yi ka samu naka?"

Na gaya masa. Ranar ɗaurin auren 'yar Nesta ne, ana tsakiyar addu'a a coci, na hango ta taga wata shamuwa tana tafiya a kan rufin makaranta da ƙafa kamar ta mai ciwon baya. Na fita na bi ta. Sai da aka gama biki aka same ni a bakin kogi da rigar bikin duk taɓo. Shi ke nan.

"Ba ka yi don a ba ka ba."

"Ina! Haushi ma na ji. Shekara guda ba na amsawa."

Ya yi ɗan murmushi, ya dubi cikin kofinsa. Ya ce ko a gida shi bai taɓa samu ba. Ubansa ne mai suna, Prosser Ƙaho, don shi ke busa babban ƙaho a ƙungiyar mabusan ma'aikatan dutse. Shi kuma ɗan Prosser Ƙaho ake ce masa har ya yi furfura. Da tsohon ya mutu, mutanen da suka san shi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, sai ya wayi gari shi ba ɗan kowa ba ne, kuma shi ba kowa ba. Ya yi zaton a nan, inda muke 'yan kaɗan, dole wani ya dube shi da kyau har ya ga abin da za a kira shi da shi.

"Ba aikin ne kawai ba, Kawu," in ji shi. "Aikin ma ina so, kada ka ji na ce ba na so. Amma ina so wata rana in ji ana maganata a bayan ƙofa, in gane ni ake nufi."

Na ce masa ya yi haƙuri, abin yana zuwa ne lokacin da mutum ya daina jira. Na san maganar banza ce tun tana bakina. Wa ya taɓa daina jira don an ce ya daina?

Da taro ya zagayo ya hawo benen da wata hular ulu ruwan ƙwai mai tuntu a ka, ga zafi ana gumi. Ya zauna da ita har aka tashi. Wata na gaba ma haka. Kowa ya gane abin da hular take nema, kuma da zarar an gane, baki sai ya ƙi buɗewa. Iyakar abin da ya samu shi ne Nesta ta ce, "Mista Prosser, ba ka jin zafi kuwa?" Ya ajiye hular. Ya koma jan baitin ƙarshe na waƙa bayan kowa ya yi shiru, yana ja yana ja har wuyansa ya yi ja. Aka tafa masa cikin ladabi. Ya ba da labarin yadda ya taɓa faɗawa rijiya yana yaro, ya maimaita shi a taro na gaba da ƙarin zurfi. Mutane suka ce Allah ya kiyaye, aka wuce zancen farashin itacen hunturu.

Sai ya kawo kunkuru.

A gindin katangarsa ya same shi, wani tsohon kunkuru mai tsagaggen ƙoƙo da ya warke a karkace. Ni dai na so dabbar nan. Yana da ido irin na tsohon alƙali da ya gaji da jin ƙarya. Emlyn yakan zo da shi a kwando, ya ɗora shi a kan tebur, ya riƙa ba shi kokwamba a baki. A karon farko an yi ta kallo, a na biyu an rage. Na ga abin zai bi hanyar hula, sai na ce bari in taimaka. A taro na gaba, yana shigowa da kwandon, na ɗaga murya na ce, "To, ga Emlyn Kunkuru nan ya iso."

Maganar ta faɗi ƙasa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Kowa ya ji an kwana ana shirya ta. Tegwyn ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Shamuwa, me ya yi maka alkawari, ƙwan kunkurun?" Aka yi dariya, amma ni aka yi wa. Emlyn ya ajiye kwandon a ƙarƙashin tebur ya zauna, kunnuwansa jawur.

A wannan yammacin ne wani sabon mutum ya zo, Rhodri Vaughan, mai sayar da farantan wutar rana. Kwanansa kaɗan a ƙasar. Mutum ne mai fara'a da saurin magana, ya zo da gajeren wando da takalmi buɗaɗɗe, yatsun ƙafarsa a waje. An gama gano cewa kakarsa maƙwabciyar wani limamin coci ce da Tegwyn ya sani, ya miƙe ke nan zai yi bayanin farantansa, riƙe da katunansa masu ƙyalli. Ashe kunkurun ya tura murfin kwando ya fito, yana ta tafiyarsa ta sarauta tsakanin ƙafafun mutane. Ko me ya gani a babban yatsan Rhodri, oho. Ya miƙa wuya ya cafke.

Rhodri ya yi wata ƙara irin ta ƙofar da ba a sa wa mai ba, ya watsar da katunan, wasu suka faɗa cikin miya, ya haye kan kujera da ƙafa ɗaya yana rantsuwa maciji ne. Bai Kolyo ya hawo da tsintsiya. Tegwyn yana dariya har hawaye, yana dukan tebur, da ƙyar ya iya cewa, "Ku sauko da Rhodri Kunkuru kafin ya karya wuya, ba ni da akwati daidai shi."

Shi ke nan. Na ji shi da kunnena lokacin da ya zauna, kamar yadda ake jin makulli ya shiga gurbinsa. Kafin a kawo kayan zaƙi kowa Rhodri Kunkuru yake cewa, har shi kansa yana ɗaga yatsan yana nunawa. Kafin a tashi mutane sun kewaye shi suna tambayar kuɗin faranti. Emlyn ya yi dariya tare da kowa, na gan shi, dariya sosai. Sannan ya durƙusa ya lalubo dabbarsa a ƙarƙashin tebur, ya mayar cikin kwando, ya ce kada motar ƙarshe ta wuce shi. Ba a fara waƙa ba ya sauka.

Na tsare Nesta a matakala na ce mata wannan abu bai yi ba. Mutum ya yi shekaru yana jera mana kujeru.

"Idwal, kana tsammani makauniya ce ni?" in ji ta. "Na sha gwadawa ni kaɗai a mota. Emlyn kaza, Emlyn kaza. Ba ya zama. Mutum ya tsaya a gabanka yana jiranka da ido kamar kare a bakin mahauta, ta ina wasa zai fito?"

Na ce to a ba shi Katanga mana, ai Dewi ba zai tashi ya ƙwace ba. Ta ce matar Dewi tana nan da ranta a Gabrovo, kuma tana zuwa liyafarmu ta watan Maris duk shekara, in ni zan iya duban idonta in kira wani da sunan mijinta, bismilla. Ta ce za ta samo masa aiki dai, ta yi alkawari. Kuma ta samo, wata 'yar katanga a gidan wasu Jamusawa. Ya je ya yi, suka yaba, suka biya shi. Amma bai ƙara hawowa benen ba.

Hunturun ya yi tsawo. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar ƙauyuka, ni ma ba kullum nake samun fita ba. Ina zaune gaban murhu nakan tuna shi yana cin abinci a tsaye. Wani lokaci nakan gwada masa sunaye ni kaɗai, da ƙarfi, in ji ko wani zai yi ƙarar makullin nan. Kyanwata kawai ke ɗago kai.

Ranar ɗaya ga Maris ita ce babbar ranarmu, ranar waliyyin ƙasarmu, kuma ta zo daidai da ranar da mutanen nan suke ɗaura wa juna zaren fari da ja a hannu don a ga bazara lafiya. Don haka muke zuwa liyafa da furen ruwan ɗorawa a ƙirji, matar Bai Kolyo kuma ta tsaya a bakin matakala tana ɗaura wa kowa zare. Aka ci miyar rago da albasa mai ganye, aka yi jawabi, aka raba katunan sana'a. Da aka zo waƙa sai aka ji ta ba gindi, tana yawo a sama kamar hayaƙi. Wani ya ce, "Ina mutumin nan ne, dogon nan, mai..." Ya kaɗa hannu yana neman kalma, bai samu ba, ya bari.

Washegari na karɓi zare guda wurin matar Bai Kolyo na shiga mota zuwa bayan Elena.

Gidansa a rufe, katangu biyu suna kallon juna. Na gangara shagon ƙauyen, inda tsofaffin mata suke zaune a benci suna shan rana. Na tambaye su Emlyn Prosser, suka dubi juna. Na ce Mista Prosser, suka ce ba su san shi ba. Na ce dogo, mai ginin dutse, mai kunkuru. Sai wata mai baƙin ɗankwali, Baba Tsveta, ta tafa hannu ta ce, "Au, Ɗan Ingila kake nufi. Ai sai ka ce Ɗan Ingila. Yana can maƙabarta."

Na buɗe baki zan gyara mata, kamar yadda nake gyara wa mutane tun ranar da na sauka a Varna. A wurinmu mutanen Wales, ka zagi mutum ta uwa ta uba ya fi masa sauƙi a kan ka ce masa ɗan Ingila. Mutanen Ingila maƙwabtanmu ne, sun fi mu girma, sun haɗiye sunanmu a bakin duniya, kakanninmu sun sha bulala a makaranta don sun yi harshen iyayensu. Amma tsohuwar ta riga ta juya tana gaya wa sauran yadda Ɗan Ingila ya tayar mata da katangar awaki kuma ya ƙi karɓar komai sai ƙwai.

Na same shi a maƙabartar bayan coci, yana tayar da katangar da ta zube tun zamanin da ba mai tunawa. Ya ɗan yi ƙiba. Ya naɗe hannun riga, kuma daga wuyan hannunsa har kusan gwiwar hannu zare ne fari da ja, ɗaya kan ɗaya, har ba a ganin fata. Kowace tsohuwa a ƙauyen ta ɗaura nata. A bakin hanya ga 'yar tsohuwar motarsa ta kaya, a jikinta an rubuta da farin fenti, da haruffan ƙasar nan, manya-manya: Ɗan Ingila, Ginin Dutse. Rubutun hannunsa ne, na san yadda yake karkata.

Ya ga ina karantawa. Ya ajiye guduma ya goge hannu a wando, muka gaisa da harshenmu, na ji nasa ya ɗan yi tsatsa. Ya ce aiki ya yi masa yawa yanzu. Limamin cocin ya gaya wa na ƙauyen gaba, wannan ya gaya wa mai gidan giya, haka dai. Har kaka ba shi da rana a sake. Ba wanda ya taɓa neman kati.

Na ce, "Ka gaya musu kuwa cewa kai ba ɗan Ingila ba ne?"

"Na gaya musu har na gaji. Da farko kullum sai na zana musu taswira a ƙasa da tsinke, ga Ingila, ga mu. Baba Tsveta ta ce ta gane sarai, ni Ɗan Ingila ne na wajen gefe." Ya yi 'yar dariya. "Ranar da na rubuta shi a motar nan, abinci bai shiga cikina ba. Ubana da ya gani da ya fasa mini ƙahon a ka."

"To me ya kai ka?"

"Idan suka faɗa, ni suke nufi, Kawu. Babu wani a duk kwarin nan. Ina kwance da safe in ji mata suna wucewa suna cewa hayaƙin Ɗan Ingila bai tashi ba, ko lafiya. Sai su buga ƙofa."

Muka zauna a kan katangar, inda ya gama. Ya ɓare ƙunshin abincinsa, wainar cuku ce wata ta ba shi, ya raba biyu. Na fito da zaren da na kawo, na rasa wurin ɗaurawa, sai na ɗaura masa a ɗaya hannun. Na ce taro yana nan Alhamis, waƙa ta lalace ba shi. Ya ce ya sani, yana jin Alhamis ɗin a jikinsa duk wata, kamar ciwon gwiwa kafin ruwa. Ya ce ba ya shiga Tarnovo da motar, in dole ta kama sai ya hau ta haya.

Ya daɗe yana duban rubutun. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "In ka faɗa a benen, zai zauna, ko?"

Na ga abin a raina tun kafin ya rufe baki. Tegwyn zai ajiye cokali, idonsa zai kawo ruwa, zai ce Emlyn Ɗan Ingila, benen ya ɗauka. Ba a taɓa samun laƙabi mai daɗin faɗa kamarsa ba. Kafin wata ya ƙare duk wani mutumin Wales daga nan har Varna zai san shi, a riƙa aika masa aiki don a sami dalilin ba da labarin.

Na ce, "Zai zauna. Kafin a kawo miya ma."

Ya gyaɗa kai. Wata iska ta taso daga tudu mai sanyin ƙanƙara, ta kaɗa bakin zarurrukan hannunsa.

"Na yi shekaru ina jiran in ji wannan," in ji shi. "To kada ka faɗa. Su nan ba su san abin da suke cewa ba, a bakinsu suna ne kawai. A bakinku kuwa kun sani."

Na ce ba zan faɗa ba. Ya tashi ya koma bakin aikinsa, don rana gajera ce a Maris. Na ɗan ƙara zama ina jin ƙarar dutse kan dutse. Da lokacin mota ya yi na ce masa na tafi, ya ɗaga hannu bai waiwayo ba.

Alhamis ta zagayo na hau benen. Ni na jera kujerun, bayana yana ƙara. Ana cikin ci Nesta ta ce ta ji an ce na je bayan Elena, ko na ga mutumin. Na ce na gan shi, yana lafiya, aiki ya buɗe masa. Ta ce madalla, har ta ji sanyi a ranta. Tegwyn ya dube ni ta saman tabarau, shi da yake jin ƙanshin labari tun daga nesa kamar ƙuda.

"Shi ke nan, Shamuwa? Ka je har can ka dawo ba ka ga wani abin mamaki ba? Kai?"

Na ce, "Babu. Mista Prosser dai yana gaishe ku."

Aka ce muna amsawa. Wani ya nemi a miƙo masa gishiri.